Bin Ruwa, Bin Tsuntsu: Yadda Za Ka Je Kallon Baƙin Tsuntsaye a Bakin Kogin Senegal

Duk wanda ya tashi a gefen fadamar Haɗeja ko Nguru ya san wasu ƙananan agwagin ruwa da ke sauka garke-garke da zarar kaka ta yi, su yi wata huɗu ko biyar, bazara na shigowa a neme su a rasa. Ba wanda ya taɓa ganin sheƙarsu, balle ƙwansu. Dalili shi ne ba a nan suke haihuwa ba. A Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa, sanyi ya koro su, su ƙetare Bahar Rum da Sahara, su faɗa ruwa na farko da suka tarar a kudancin hamada. Manyan masaukansu a yankin Sahel ba su da yawa: tafkin Chadi, fadamar Haɗeja da Nguru, fadamar Neja da ke tsakiyar Mali, sai kuma can ƙarshen yamma, inda kogin Senegal ke bazuwa kafin ya shiga tekun Atlantika.

Wannan na ƙarshen shi ne zan nuna maka yadda ake zuwa, domin a nan ne mutum zai ga tsuntsayen ruwan daɗi da na ruwan gishiri a cikin kwana uku, ba tare da ya yi wata doguwar tafiya tsakaninsu ba.

Ka fara da fahimtar ruwan

Kafin ka sayi tikiti, riƙe wannan hoton a ranka, don shi zai tsara maka komai. Kogin yana tasowa ne daga tsaunukan Futa Jalon a Gini, ya ratsa Mali, ya zama iyaka tsakanin Senegal da Murtaniya, ya bi ta Futa Toro, ƙasar da kakannin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka fito, sannan ya isa birnin San Luwi, wanda mutanen garin ke kira Ndar. A da, idan rani ya yi kogi ya ja, ruwan teku kan hauro cikinsa tafiya mai nisa. A 1986 aka kammala madatsar Diyama, kimanin kilomita 27 sama da San Luwi, don a tare gishirin a samu noman shinkafa. Tun daga nan yankin ya rabu biyu. Sama da madatsar ruwan daɗi ne, kuma a nan gandun tsuntsaye na Juj yake, wanda a allon hanya za ka ga an rubuta Djoudj. Ƙasa da madatsar kuwa ruwan gishiri ne mai cika da janyewa sau biyu a kwana, kuma a nan ne gandun Lang da Barbari yake, a rubuce Langue de Barbarie.

Tsuntsun Juj lokacin shekara da sanyin safiya yake bi. Tsuntsun bakin teku cikar ruwa da janyewarsa yake bi. Wanda ya gauraya lissafin biyu zai kashe kuɗinsa ya dawo da hoton taɓo.

An kafa gandun Juj a 1971, faɗinsa hekta 16,000. Ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 1977, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1981. Ana ƙiyasta tsuntsayen da ke sauka cikinsa da fiye da miliyan ɗaya da rabi, nau'insu ya haura 300. Tsallaken kogi, a ɓangaren Murtaniya, akwai ɗan'uwansa gandun Jawling da aka kafa a 1991. Tsuntsu bai san iyaka ba, yakan kwana a can ya yi kalaci a nan.

Zaɓen wata

Daga Nuwamba zuwa Afrilu ne kakar, amma ba duk watannin ne daidai ba. A Nuwamba ruwa ya cika ko'ina, tsuntsaye sun warwatsu, hanyoyin cikin gandun ma wasu ba su bushe ba. Disamba zuwa Fabrairu shi ne zuciyar abin. Ruwan da aka sako ta ƙofofin ruwa na gandun lokacin cikar kogi ya fara ƙafewa, tafkuna sun tsuke, tsuntsaye sun cunkushe wuri guda, 'ya'yan kwasakwasa kuma suna kan tsibirinsu. In da ni za a tambaya, ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu zan zaɓa, saboda a lokacin mazan agwagin Turai sun sake gashi sun fito da kwalliyarsu, gane su ya yi sauƙi. Daga Maris sai a fara kama hanyar arewa, zafi ya kuma taso.

Sannan ka duba watan sama. Ruwan teku ya fi cika da janyewa a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, ga wanda ya saba lissafin kwanan watan Musulunci wannan ba wani aiki ba ne. In tafiyarka ta dace da ɗaya daga cikinsu, ranar bakin teku za ta fi armashi.

Takardu, hanya da kaya

Mai fasfon Najeriya ko Gana ba ya buƙatar biza, albarkacin ECOWAS. Mai fasfon Nijar ya tuntuɓi ofishin jakadancin Senegal kafin ya tashi, tun da ƙasar ta fice daga ƙungiyar a farkon 2025. Kowa ya riƙe katin allurar shawara. Mutumin Nijar yana da sauƙi ɗaya da na Najeriya ba shi da shi: sefar da ke aljihunsa ita ake kashewa a can. Hanyar ƙasa ta Burkina da Mali ba ta da tsaro a 'yan shekarun nan, jirgi ya fi. Za ka sauka a filin Blaise Diagne da ke wajen Dakar. Daga Dakar zuwa San Luwi kilomita 260 ne da ɗoriya, tafiyar awa huɗu zuwa biyar. Tashar motocin tana Pikin, kuma ƙananan motocin da ke ɗaukar mutum bakwai su ne aka fi shiga, sunansu ma ke nan a bakin mutanen can, set-filas. Ka biya kujerar gaba in da hali, ta ƙarshen baya mai dogon ƙafa ba ya sauka da daɗi.

Agogon can yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, kuma a Janairu rana ba ta fitowa sai wajen bakwai da rabi. Wato kana iya yin Asuba a natse, ka sha shayi, ka shiga mota, kuma ba ka makara ba.

Kaya kuwa, abu ɗaya ne ba a yi ba shi: madubin hangen nesa na ido biyu. Nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. Masu sayarwa za su nuna maka mai lamba 20 ko 30 su ce ya fi ƙarfi, kar ka saya, a cikin kwale-kwale mai lilo ba abin da za ka gani sai rawar ruwa. Sai littafin hotunan tsuntsayen Afirka ta Yamma, ko manhajar gane tsuntsaye ta Merlin a waya, ka sauke kundin yankin tun kana inda intanet ke da ƙarfi. Ƙaramin littafin rubutu da fensir, don biro kan zuba in ruwa ya taɓa takarda. Rigar sanyi, domin hunturun can a kan ruwa da safe yana ratsa ƙashi. Malafa, maganin shafawa na sauro, ruwan sha mai yawa. Tufafi masu launin ƙasa ko kore mai duhu. Farar shadda mai sitaci a bar ta a masauki, daga nesa tsuntsu ke hango ta, ga kuma ƙarar da take yi in ka ɗaga hannu. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin kuɗin shiga daban, na mota daban, na kwale-kwale daban, na ɗan jagora daban.

Rana ta farko: Juj a kwale-kwale

Daga San Luwi zuwa ƙofar gandun kimanin kilomita 60 ne. Kashi na farko kwalta ce, hanyar da ta nufi Ros Becho da Roso, sauran kuma burji ne mai kwarkwaɗa, ta cikin gonakin shinkafa. Ka ware kusan awa biyu. Ka yi ciniki da direba tun daren jiya, ka kuma faɗa masa a fili cewa wuni za a yi. Zuwana na farko ban yi haka ba. Direban da na ɗauka ya zo bayan takwas, ya tsaya shan mai, ya tsaya gaisawa da wani ɗan'uwansa, muka isa rana ta take. Iska ta ɗauki zafi har abin da ke nesa yana rawa a madubi, tsuntsaye sun lafe cikin ciyawa. Abin da ya fi shi ne ka kwana a masaukin da ke bakin gandun ko a ɗaya daga cikin ƙauyukan gefe, gari na wayewa kana ciki.

A ƙofa ma'aikatan hukumar gandun daji masu kaki za su ba ka takardar shiga. Ɗauki ɗan jagora, ko da ka ga kamar ka iya. Yawancinsu 'yan ƙauyukan kewaye ne, sun san inda ruwa ya rage a wannan makon, abin da taswira ba za ta gaya maka ba. Ka gaishe su da sallama, in ka ƙara da “Na nga def”, wato yaya kake da Wolof, ka rufe da “Jerejef”, na gode ke nan, za ka ga fuska ta sake.

Daga ƙofa akwai 'yar tafiya a mota zuwa mashigar jirgi. Ka yi ƙoƙari ka shiga kwale-kwalen farko, ka zauna gaba ko gefe, nesa da inji. Tafiya da dawowa kan ci kusan awa biyu. Da farko za ka bi rafi mai kachalla hagu da dama, ga zalɓe tsaye kamar an dasa shi, ga balbela, ga jinjimi, ga garken kirinjijiya suna tashi da fitonsu da duk ɗan fadama ya sani. A kan gaɓa za ka ga gadu da 'ya'yansa sun durƙusa suna tonon saiwa, guza na shanya, wani lokaci kada. Kar ka ɓata duk batirinka a nan.

Warin ne zai fara sanar da kai an kusa. Wari ne na kashin tsuntsu da ruɓaɓɓen kifi, mai kama maƙogwaro. Sai a sha kwana ɗaya, tsibirin ya bayyana: kwasakwasa dubbai a cunkushe kan tudun ƙasa ba masaka tsinke, manyan farare da ɗan ja-ja a ƙirji, 'ya'yan kuma baƙaƙe wuluk kamar ba su suka haife su ba. Kukansu gurnani ne ƙasa-ƙasa kamar na shanu a nesa. Ka tsaya ka kalli yadda ake ciyarwa: ɗan yakan cusa kansa har wuya cikin bakin uwar ya ciro kifin da ta haɗiyo. Babba in ya buɗe fikafikai yakan kai mita uku. In ka yi sa'a za ka ga kamun kifinsu na gayya, su jeru kamar rabin zobe, su kora kifi zuwa wuri marar zurfi, su tsoma baki lokaci guda kamar an buga musu ganga.

A nan ne na yi wautar da nake so ka guje wa. Na miƙe tsaye don in ɗauki hoto. Tsohon da ke riƙe da inji bai ɗaga murya ba, hannu kawai ya sa ya ja gefen rigata na koma zaune. Na ce wa ɗan jagora ya ba Baba haƙuri. Abin da ya fassara mini daga amsarsa shi ne, in manyan suka firgita suka tashi gaba ɗaya, sukan tattake ƙwai, su ture ƙanana cikin ruwa, kada kuwa yana nan ƙarƙashi yana jira. Don haka a zauna, a yi ƙasa da murya, kar a roƙi mai jirgi ya matsa kusa fiye da inda ya tsaya, kar kuma a ba shi wani abu don ya yi hakan. Masu tafa hannu don tsuntsu ya tashi su samu hoto, waɗannan ban da abin ce musu mai daɗi.

Kwasakwasa dai ɗan gida ne, a Afirka yake yawonsa. Baƙin da ka zo dominsu suna tafkuna, kuma can za ka nufa da la'asar.

Tafkuna da husumiyoyi: gane baƙi

Bayan Azahar da hutawa, ka sa direba ya kai ka babban tafkin da ake kira Giran Lak, inda aka kafa husumiyoyin kallo. Zaɓi wadda rana za ta kasance a bayanka. Hau a hankali, ka zauna minti goma ba ka ɗaga madubi ba, ka bar tsuntsayen da isowarka ta kora su dawo. Sannan ka fara daga hagu zuwa dama, a hankali, kamar mai karanta allo.

Agwagi uku za ka fara koya. Ƙaramar cikinsu, wadda ta fi yawa, namijinta yana da farin layi daga saman ido zuwa ƙeya kamar an ja masa alli. Ita ce dai wadda ke cika fadamar Nguru. Ta biyu doguwar wuya ce, kai ruwan ƙasa, ƙirji fari, jela siririya mai tsini. Ta uku bakinta faffaɗa ne kamar ludayi, tana tafe tana tace ruwa da shi. Matansu duk ruwan ƙasa ne masu dabbare-dabbare, kar ka wahalar da kanka a ranar farko, duba mazan da suke tare da su. Dinya da kirinjijiya da ke gefensu 'yan gida ne, haka ma gauraka in ka ji kukanta daga filin ciyawa.

Can tsakiyar tafki, inda ruwa ya ƙafe ya fara gishiri, za ka hango wani jan layi kamar an shanya zannuwa. Filamingo ke nan, iri biyu: babba mai haske da baki mai baƙin tsini, da ƙarami mai ja sosai da baki mai duhu.

Masu dogayen ƙafafu da ke tsinta a taɓo su ne masu wuyar ganewa, kuma su ne suka fi labari. Dabarar ita ce ka bar launi, ka kalli abu uku: tsawon baki da lanƙwasarsa, launin ƙafa, da yadda yake cin abinci. Mai dogon baki miƙaƙƙe, wanda in ya tashi za ka ga farin layi a fiffike da baƙar jela, yawancinsa daga makiyayan shanun Holand yake, har mutanen ƙasar suka zaɓe shi tsuntsun ƙasa a 2015. Adadinsa yana raguwa a can saboda ana yanke ciyawa da inji kafin 'ya'yansa su tashi. A gonakin shinkafar Senegal da Gini Bisau yake cin rani.

Akwai kuma wanda da wuya ka gani, amma ya kamata ka san yana nan. Wani ɗan tsuntsu ne mai nauyin giram 12 ko kusa da haka, mai zane-zane a kai, da ke ƙyanƙyasa a dausayoyin Belarus da Foland da Yukren. Shekaru masana suna neman inda yake zuwa da sanyi, sai a farkon 2007 aka same shi a filayen ciyawa masu ruwa na yankin Juj. Kuma wannan alaƙar tsohuwa ce. Bayan farin da aka yi a Sahel a 1968, masu ƙirga a Ingila sun tarar wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a shekara guda. Ruwan da bai sauka a wajenmu ba, a shingayen gonakinsu aka ji shirunsa.

Ƙirga da karanta zobe

In kana so kallonka ya zama aiki, koyi ƙirga. Garke kaɗan ana ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Babba kuwa, ka ƙirga goma na farko sosai, ka riƙe faɗin da suka ci a idonka, ka yi ta aza wannan faɗin har ka kai ɗari, sannan ka riƙa aza na ɗarin a kan sauran garken. Yi sau biyu. In kuna biyu, kowa ya rubuta nasa kafin ya ji na ɗan'uwansa. Sabon hannu kusan kullum ragewa yake yi in garken na zaune a cunkushe, saboda na baya sun ɓuya a bayan na gaba. Rubuta wuri, kwanan wata, ƙarfe nawa ka fara, ƙarfe nawa ka gama, da yanayin ruwa. Abin da ba ka gane ba ka rubuta “agwagwa, ban tantance ba”, ya fi ka laƙa mata sunan da ba nata ba. Da ka samu intanet sai ka shigar a eBird, shafin da masu kallon tsuntsaye ke tara abin da suka gani. A tsakiyar Janairu ake yin ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda ta faro tun 1967, ma'aikatan gandun suna yin tasu a lokacin, mai sha'awa yana iya tambaya a ofishinsu ko akwai gurbin mai taimako.

Zobe kuma ya fi komai daɗi. Masu bincike a Turai suna sa wa tsuntsaye zobban roba masu launi a ƙafa, kowane tsuntsu da tsarinsa. In ka hango, kar ka yi gaggawa. Fara da ƙafar hagun tsuntsun, hagunsa shi ba naka ba. Rubuta abin da ke saman gaɓar da muke kira gwiwa, sannan na ƙasanta, daga sama zuwa ƙasa, launi bayan launi. Ka lura ko akwai mai ɗan harshe kamar tuta, da inda yake, da inda zoben ƙarfe yake. Sai ka koma dama. Taɓo kan ɓata launi, fari ya koma ruwan ɗorawa, don haka jira ya shiga ruwa ya fito. Masu binciken jami'ar Groningen da ke Holand sun daɗe suna bin mai dogon bakin nan ta wannan hanya, kuma akwai shafin intanet mai suna cr-birding da ke nuna maka wanda za ka aika wa kowane irin zobe.

Kachalla, da abin da madatsa ta haifar

Duk inda ka juya a Juj za ka ga kachalla, kuma ɗan Haɗeja ba ya buƙatar a yi masa bayani. Abin da ya faru bayan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 shi ne ya faru a nan. Da can fadama kan cika ta bushe, gishiri ya shigo ya ƙone ciyawa. Da ruwan daɗi ya zauna shekara ba ya tafiya, kachalla ta samu gida, ta toshe rafuka, ta hana masunta wucewa, ta zama makwancin jan baki mai cinye shinkafa. A wasu ƙauyukan bakin kogin ana yanke ta a mayar da ita gawayi. Wata ciyawar mai yawo a kan ruwa, salbiniya, ita ma ta taɓa rufe ruwan yankin har UNESCO ta sa Juj cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari daga 2000 zuwa 2006. Wani ɗan ƙwaro mai cin ta aka saki ya rage ta.

Abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne tsargiya. Zaunannen ruwan daɗi ya yawaita dodon koɗin da ke ɗauke da ita, har garin Rishar Tol ya yi fama da annobarta a ƙarshen shekarun 1980. Kar ka shiga ruwan, kar ka yi alwala da shi, riƙe butarka. Kar kuma ka taɓa mataccen tsuntsu. A Janairun 2021 murar tsuntsaye ta kashe kwasakwasa kusan 750 a Juj, yawancinsu ƙanana, aka rufe gandun na wani lokaci. In ka ga gawa, nuna wa ɗan jagora, in ka dawo gida kuma ka wanke takalminka kafin ka shiga wajen kajinka.

Ranar bakin teku

Koma San Luwi ka kwana. Ka taka gadar Federb ta ƙarfe, mai tsawon mita 500 da 'yan kai, wadda aka buɗe a 1897, ka ci cebujen, shinkafa da kifin da garin ke alfahari a nan aka faro ta. Sannan ka tambayi masunta ko mai masauki ƙarfe nawa ruwa zai cika gobe. Kullum yakan yi jinkirin kusan minti 50 a kan na jiya.

Gandun Lang da Barbari yana kudu da gari, a yankin Ganjol, an kafa shi a 1976. Sunan na wani siririn harshen yashi ne da ya raba kogi da teku. A hanya akwai ƙaramin gandun Gembel, inda ake kiwon barewa da manyan kunkuru, tafkinsa kuma kan tara filamingo da masu bakin cokali. Awa ɗaya ta ishe shi.

Ka isa bakin ruwa awa biyu kafin cikarsa, ka samu wuri ka zauna. Ruwa na hauhawa yana cinye taɓo, yana turo tsuntsayen zuwa gare ka har su zo inda za ka ga zoben ƙafarsu. In ka zo ya janye sarai, suna can nesa kamar ɗigon tawada. A nan za ka ga masu lanƙwasasshen baki kamar lauje suna zaro ƙaguwa daga rami, da ƙananan farare masu bin igiyar ruwa da gudu su dawo da gudu, waɗanda daga ƙasashen ƙanƙara na can ƙarshen arewa suke. Kwale-kwale zai kai ka kusa da tsibirin tsuntsaye, inda masu tsunduma kamun kifi ke ƙwai, babbansu mai jan baki kamar karas. Ba a sauka a kansa.

Ka riƙa duba kan kututture da sandunan da ke cikin ruwa. Shahon nan mai kamun kifi, fari a ciki, da baƙin layi ta kan ido, yana da yawa a wannan gaɓa daga kaka zuwa bazara. In ka ga shuɗin zobe mai farin rubutu, daga Birtaniya yake: a ƙafar hagu na Sikotland ne, a dama na Ingila ko Wales.

Ka kuma roƙi mai jirgi ya nuna maka ɓarakar daga nesa. A Oktoban 2003, da ambaliya ta yi barazanar cinye San Luwi, aka haƙa wata 'yar hanya mai faɗin mita huɗu a jikin harshen yashin, kilomita kaɗan kudu da gari, don ruwa ya fita teku. Ruwan ya fita, amma teku ta kama bakin ta yi ta ci har ya zama kilomitoci. Ƙauyen Dun Baba Jey ya nutse, gishiri ya shiga rijiyoyi da gonakin albasar Ganjol, tsohon bakin kogin ya toshe, masuntan unguwar Get Ndar da dama sun rasu wajen ƙetare igiyar wurin. Yashin yana ta motsi har yau, wurin da tsuntsu ya yi ƙwai bana yana iya zama ruwa baɗi. Don haka kar ka dogara da taswirar waya ko hoton wanda ya zo shekara biyar da suka wuce. Tambayi mai jirgi inda tsuntsayen suka koma, ka sa rigar ceto kafin a tashi inji, kuma in ya ce yau iska ta yi yawa, ka biya shi kuɗin shayi ku sa lokaci gobe.